Ƙullin Ƙasar Tumbun Aduwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Hajja, mun ajiye wayoyin.

To madalla. Wannan ba ta daji ba ce, a benen da ke kan ɗakina aka yi ta, nan Madina, unguwar Harra ta Gabas, a tsohon gidan nan na bayan mai gasa burodin tamis. Ni ina ƙasa, Sabiru da matarsa Hanan suna sama. Sabiru mutumin Cadi ne, yana lodin jakunkunan alhazai a filin jirgi. Hanan kuwa a nan aka haife ta, a nan aka haifi uwarta. Kakanninta ne suka taho hajji a ƙasa, ba su koma ba. Tana jin Hausa tsaf, amma in ka yi mata magana, rabin amsar da Larabci za ta dawo maka. Yarinya ce mai kirki. Na faɗa tun yanzu, don kada ku ji abin da ya faru ku ɗauke ta muguwa.

Wata shekara Sabiru ya kawo mahaifinsa, Baba Ƙasimu, ya yi umara, a kuma cire masa yanar ido. Dogon tsoho, tafin hannunsa duk kanta saboda jan taru. Masunci ne daga wani tsibiri a Tafkin Cadi. Su can ba sa cewa tsibiri, tumbu suke cewa, nasu kuma Tumbun Aduwa, saboda wata tsohuwar aduwa da ke kan tudun maƙabartarsu.

Tun ranar farko ya ƙi ɗakin da aka gyara masa. Ya ce mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan, yana hura masa sanyin gawa. Sai aka kai masa katifa ɗan ɗakin da ke kan rufi, inda ake shanya. Da hantsi yakan lallaɓo ya sauko ƙofata, in ba shi shayi, ya ba ni labari. Ni 'yar Sudan ce, ban taɓa ganin tafkin nan ba, amma sai da na san shi kamar a can aka yaye ni.

Ya ce, "Hajja Kaltuma, a ƙuruciyarmu ruwa yana da alƙawari. Mun san watan da yake zuwa, mun san inda yake tsayawa. In ya janye mu bi bayansa da masara da wake, in ya dawo mu bi shi da taru. Fatake har daga Maiduguri suna kwana a ƙofarmu suna jiran banda."

"To me ya faru, Malam?"

"Ya gudu. Muna kallo ya gudu, ya bar kwale-kwale kwance a kan rairayi kamar matattun shanu. Kifi ya ƙanƙance, fatake suka daina zuwa, samari suka watse. Lokacin ne wannan ya taho yana ɗaukar wa mutane kaya. Muka ce to, mu zama manoma. Muna sabawa da noman, sai ga shi ya dawo da fushi. Damina ta daina bin ƙa'ida. Bana ya wuce alamar bara, baɗi ya wuce ta bana. Ya ci masara tun tana ɗanya, ya ci matoyar kifi, ya fara lasar gidajen gefe. Ruwan ya rikice, Hajja, kamar tsohon da ya manta ƙofar gidansa."

A irin wannan zaman ne ya gaya mini al'adarsu. Duk ɗan Tumbu da zai yi tafiya mai nisa, sai ya ɗebi ƙasa tafi guda daga inda danginsa ke kwance, a ƙulle masa a tsumma, ƙulli a kan ƙulli don kada ta zube. In ya dawo, ya mayar da ita inda ya ɗebo. In kuwa ajali ya same shi a hanya, a zuba masa ita a ƙarƙashin kuncinsa, ya kwanta a ƙasar gida ko da a ina ne. Shi tasa daga gefen kabarin matarsa Safiyatu ya ɗebo, a gindin aduwar, daidai wurin da ya bar wa kansa. Tun tana jinya ta ce masa kada ya bar ta ita kaɗai a kan tudun nan, ya ce ba zai bar ta ba.

"Tana ƙarƙashin katifata, daidai kaina," in ji shi. "Aro na yi. Zan mayar."

Na ce, "Ka gaya wa surukarka wannan?"

"Sabiru ya ce in rufa masa asiri. Wai a garin nan bidi'a za a kira ta."

An yi umara, an yi ziyara, layin asibiti bai zo ba tukuna. Ranar Asabar Sabiru yakan kai shi Masallacin Ƙuba, daga nan su biya unguwar Ƙurban wajen wasu tsofaffi 'yan ƙasarsu da ke zama a bakin wata gonar dabino. Can ne aka gano halinsa. Ɗaya daga ciki ya ɗaga hannu yana roƙon Allah ya ɗauki ransu a Madina, a kai su Baƙi'a. Kowa ya ce amin. Baba Ƙasimu ya yi shiru.

"Alhaji, ba ka ji ba ne? Ko kunnen ma sai an yi masa aiki?"

"Na ji. Allah ya ba ku. Ni ina da wurina."

"Wurinka ya fi maƙwabtaka da Manzo?"

"Bai fi ba. Wa ya isa ya ce ya fi? Amma alƙawari na ɗauka, kuma ba na jin Manzo zai yi fushi da mai cika alƙawari."

Suka yi ta dariya. Wani ya ce warin kifi ne ke kiransa. Wani ya ce masu kuɗi suna sayar da gidaje don su zo su mutu a nan, ga wanda aka kawo kyauta yana neman hanyar gudu. Labarin ya zaga har ya iso kunnen matan unguwa, har kunnen uwar Hanan.

Ana cikin haka wata rana Sabiru ya dawo daga aiki, bai hau sama ba, ya shigo ɗakina da rigar aikinsa. Hala yake kirana, wato gwaggo da Larabci. Ya miƙo mini waya ya ce, "Hala, duba."

Na duba. Ruwa ne, ruwa har iyakar gani. A tsakiya ga kan wata bishiya ya leƙo kamar kan mai wanka. Gefe guda ga sandar lasifikar masallaci.

"Tumbu ke nan," ya ce. "Aduwar ke nan. Inna tana ƙarƙashin wancan."

An kwashe mutanen zuwa wani sansani a bakin tafki, wajen Baga Sola. Ba a rasa rai ba, amma ba a fitar da komai ba sai tabarmi da tukwane.

Na ce, "Sai ka gaya masa."

"In na gaya masa zai mutu, Hala."

"In ba ka gaya masa ba fa, zai dawwama?"

Ya hau sama. Daga ranar ya shiga yi wa tsohon nan hanya-hanya. Yau babu kujera a jirgi, gobe likita ya ɗaga rana, jibi sai an sabunta biza. Ya gaya wa Hanan cewa garin ya nutse, ya ce ta kama bakinta. Zancen ƙullin ƙasa kuwa bai taɓa yi mata ba.

Tsoho ya rame. Ya daina cin abinci sosai. Hanan ta yi ta wahala a kansa, ta dafa wannan ta dafa wancan, har kasuwar kifi ta aika aka sayo mata na tekun Yanbu.

"Ya Ammi, ci ko kaɗan ne, don Allah." Ammi take ce masa, wato baffa.

Ya ɗanɗana ya ture. "'Yata, hannunki yana da daɗi. Kifin ne ya daɗe da mutuwa, har ya manta shi kifi ne."

Ta yi dariya, ta shiga kicin ta share hawaye. Tana son tsohon nan. Ita ba ta tashi da uba ba.

Da layin asibiti ya zo aka yi aikin idon. Likita ya hana shi hawan bene mai tsawo da shiga ƙura, sai aka shimfiɗa masa a falo. Ni kuma a kwanakin nan na tafi Ƙurban zaman suna wajen jikata. Hanan ta ce bari ta gyara ɗakin kan rufi tun da babu kowa. Ta ɗaga katifa. Sai ga tsumma baƙi ƙirin da dauɗar hannu, an ƙulle shi ƙulli a kan ƙulli, daidai inda kan mutum ke kwanciya.

To ku da kuka tashi a garin nan kun san abin da yarinyar Madina za ta gani in ta ga haka. Ta saki katifar ta ja da baya tana a'uziyya. Ta kira uwarta a waya, uwar ta taho ko mayafi ba ta daidaita ba.

Uwar ta duba daga nesa ta ce, "Ai ga shi nan. Na faɗa miki. Musulmi mai hankali, a kawo shi Madina ya ce shi sai ƙauye? Kiranye ne. Wani ya ɗaure shi daga can yana jan sa. Shi ya sa ba ya ci, ba ya barci."

"In gaya wa Sabiru, ya Ummi?"

"Ki ce masa me? Danginka matsafa ne? Ki kashe aurenki? A warware a yi shiru. Tsohon ma ba sai ya sani ba, zai dai ji sauƙi."

Suka yi yadda ake yi. Suka ɗauko roba da ruwa. Kowane ƙulli a karanta masa Falaƙi da Nasi, a tofa, a kwance. Da suka kai ƙarshe sai ga ƙasa mai launin toka, da ɓarɓashin katantanwa, da ɓawon kifi ɗaya ko biyu. Uwar ta ce, "Kin gani? Ƙasar kabari ce wannan, wallahi." Gaskiya ta faɗa, ba ta san irin gaskiyar ba. Suka juye a ruwa suka dama har ta narke. Hanan ta ɗauki robar ta kai kangon da ke bayan gida, ta watsa a kan baƙaƙen duwatsun nan. Tsumman suka ƙona. Ta dawo ranta fes, ta yi sujada ta gode wa Allah da ya ba ta ikon ceton surukinta.

Na dawo daga suna ban san komai ba. Shi ma tsoho yana falo da bandeji, hankalinsa kwance, a zatonsa ajiyarsa tana sama.

Ranar Juma'ar da aka cire bandejin, Sabiru ya zo da baƙo. Mu'azzam ne, ɗan ƙanin Baba Ƙasimu, wanda ya gaji kwale-kwalen gidan. Ya sayar da shi da injin, ya biya dillali, ya samu aikin shara a wani kamfani a nan. Tun a mota Sabiru ya ja masa kunne: Tumbu lafiya, kowa lafiya, kada ka ƙara komai.

Aka kira ni cin abinci. Hanan ta yi shinkafa da kaza, tana kaiwa da kawowa. Tsoho yana ta kallon kowa da sabon idonsa kamar yaro.

"Ashe haka kike da kyau, 'yata? Wannan ja'irin ina ya samo ki? Hajja Kaltuma, ke kuma ashe kin fi muryarki tsufa."

Na ce, "Ka ga ta asibiti, Malam. A mayar masa da yanarsa."

Aka yi dariya. Ya juya kan Mu'azzam.

"Mutanen gida?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ruwa fa? Ya tsaya a ina bana?"

"Ya... ya ɗan taɓa gefe."

"Wa ka bar wa kwale-kwale?"

"Yana hannu, Baba."

Tsoho ya gyaɗa kai. Ya kai loma, ya tauna a hankali. Can ya ce, "Kawo taka in sansana. Tawa ta daɗe a ƙulle, ƙamshin ya tafi. Taka sabuwa ce."

Mu'azzam ya dubi Sabiru. Sabiru ya dubi tire.

"Ina ƙasarka, Mu'azzam?"

"Ban taho da ita ba, Baba."

"Ka haye teku, ka bar ƙasarka? Uwarka tana raye ta bar ka ka fito haka? Ko kai ma an gaya maka bidi'a ce?"

Yaron nan ƙato ne, ya kai shekara talatin da wani abu, amma sai ga hawaye a fuskarsa. Ya ce, "Baba, babu inda zan ɗiba."



"Na je," in ji Mu'azzam. "Wallahi na je kafin in sayar da jirgin. Na tuƙa har kan tudun. Na kama reshen aduwa na ɗaure igiya. Na zura gora, ba ta taɓa ƙasa ba. Na nutsa, na damƙo, kafin in taso ta narke a hannuna, laka ce kawai. A kan kabarin Inna Safiyatu nake shawagi, Baba, tarwaɗa suna wucewa. Mutanenmu suna tanti, ana ba su gero a layi. Masu taru sun koma tura baro. Ba wanda ya fito da ko tafi ɗaya, dare ɗaya ruwa ya shanye tudun, kowa ta yara yake yi."

Baba Ƙasimu ya dubi ɗansa.

"Babu kujera a jirgi, ko?"

"Baba..."

"Kai da kake cikin jirage tun safe har yamma. Na yi mamaki." Ya goge hannunsa a tawul, yatsa bayan yatsa. "Kai fa, ina taka?"

"Na mayar lokacin rasuwar Inna. Da zan dawo ban ɗebo ba."

"Ba ka ɗebo ba."

Mu'azzam ya share fuska ya ce, "Shi ya sa a sansani ake ta zancenka, Baba. Tsofaffi suna cewa duk abin da ya rage na Tumbu a bushe yana wajen Ƙasimu a Madina. Wasu sun ce in roƙa musu ko ɗan tsunkule, su ajiye saboda ranarsu."

Sai na ga fuskar tsohon ta ɗan saki. Ya ce, "Alhamdulillahi. To ba a cinye mu duka ba. Za a raba, kowa ya samu. A bar mini kaɗan na kuncina, na gefen Safiyatu ne, ya isa. Tun da ba zan je mata ba, ita ta zo mini." Ya ɗaga murya. "Hanan, 'yata, hau sama. Ƙarƙashin katifata, wajen kai, akwai wani ɗan ƙulli. Kawo mini."

Tana tsaye a bakin ƙofa da jug ɗin ruwa.

"Ya Ammi... aswad? Baƙi? Mai ƙulli da yawa?"

"Shi."

Ta ajiye jug ɗin a ƙasa. Ta durƙusa. Hausar ta gudu daga bakinta gaba ɗaya, ta yi ta zuba da Larabci tana kuka, sai da na fassara masa. Na so a ce wani ne zai yi wannan aikin ba ni ba. Na gaya masa yadda ta gani, da abin da ta zata, da yadda suka karanta, da ruwan.

"Ruwa," ya ce.

"Wallahi don kai na yi, ya Ammi. Na zaci an yi maka sihiri. Ba wanda ya gaya mini."

Sabiru ya miƙe zai yi mata tsawa. Tsoho ya ɗaga hannu. "Zauna. Da wane bakin? Kai ka ce in ɓoye." Ya dafa bango ya tashi. "Nuna mini wurin."

Muka fita da la'asar sakaliya, rana tana dukan duwatsu. Kangon nan kun san shi, inda kowa ke watsa ruwan wanke-wanke, ga kyanwoyi, ga fasassun bulo. Hanan ta nuna nan, ta ce a'a, ko can ne. Ta kasa tunawa. Duwatsun Harra duk kamarsu ɗaya. Tsoho ya durƙusa da sabon idonsa, yana shafa dutse bayan dutse, yana zura yatsa a ramukansu. Ya kai yatsan hancinsa.

"Sabulu," ya ce.

Ya zauna a kan wani bulo. Hanan ta tsuguna a gabansa tana cewa ya yafe mata. Ya dafa kanta.

"Na yafe miki, 'yata. Ke da tafki ba ku san abin da kuka yi ba. Shi ya sha babba, ke kika shayar da ragowar." Ya dubi Sabiru. "Wannan ne ya sani."

Daga ranar bai ƙara tambayar jirgi ba. Bai ƙara saukowa shan shayi ba. In na hau gaishe shi sai in same shi a kan rufi yana kallon yamma, ido tangaran, babu abin gani sai tankunan ruwa da eriya. Sau ɗaya ya ce mini, "Hajja, an gyara mini ido a daidai lokacin da abin kallo ya ƙare." Uwar Hanan kuwa ta yi ta gaya wa mata cewa aikin ya ci, ga shi tsoho ya daina zancen komawa.

Bai kai azumi ba. Aka yi masa salla a Harami, jama'a ba iyaka, aka kai shi Baƙi'a. Mu'azzam ne ya shiga ramin ya gyara masa kunci a kan ƙasar da ba ta san shi ba. Tsofaffin Ƙurban suka zo gaisuwa suna ta murna. "Ma sha Allah! Yana gudu, Allah ya kamo shi. Sabiru, ubanka ya dace." Sabiru yana cewa alhamdulillahi, alhamdulillahi, kansa a ƙasa.

Baba Ƙasimu yana Baƙi'a, a kabarin da babu suna, ko ɗansa ba ya iya nuna wurin yanzu. Safiyatu tana ƙarƙashin ruwa ita kaɗai, an ce aduwar ma ta faɗi. Sabiru yana nan yana lodin jakunkuna, ya bar unguwar nan ya koma kusa da filin jirgi. Hanan tana tare da shi, ta haifi namiji aka sa masa Ƙasimu, ta kuma daina zuwa gidan uwarta sai da salla. Mu'azzam yana shara, yana aika abin da ya samu. Mutanen Tumbun Aduwa suna sansani har yau, waɗanda suka mutu a cikinsu an binne su a can, ba a zuba wa kowa komai ba.